Daga Asawase zuwa Ejura: me ya sa ɗan Zango yake tsoron ofishin 'yan sanda?

 

A farkon shekarar 2025 aka naɗa Alhaji Muntaka Mohammed Mubarak, ɗan majalisa mai wakiltar Asawase a Kumasi, ministan harkokin cikin gida na Ghana, wato ma'aikatar da 'yan sanda da gidajen yari suke ƙarƙashinta. Mutane da yawa a Zango sun yi murna, kuma murnar ba ta rasa dalili ba. Sai dai duk wanda ya ji sunan Asawase an haɗa shi da sunan 'yan sanda a zance ɗaya, dole ya tuna watan Yuli na 2018. Wannan tunawar ce ta sa na ga ya dace mu tattauna, musamman da ɗalibanmu, a kan abin da ya ɓata tsakanin mutanen Zango da masu kaki, da abin da zai iya gyara shi, ko da ɗan wace unguwa ne yake kan kujera.

Ga waɗanda suke yara a lokacin, ga abin da ya faru. A ranar 17 ga Yuli, 2018, 'yan sanda suka harbe mutum bakwai a yankin Manso Nkwanta, cikin jihar Ashanti. Kwanaki kaɗan kafin nan an kashe wani ɗan sanda a wannan yanki. Sanarwar farko ta ce waɗanda aka harbe 'yan fashi ne, kuma sun yi musayar wuta da jami'ai. Da labari ya iso Asawase, mutanen unguwa suka ce a'a, waɗannan 'ya'yanmu ne, mun san gidajensu, mun san sana'o'insu. Matasa suka fito titi, aka ƙona tayoyi, sai da limamai da sarakunan Zango suka shiga tsakani. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin wani alƙali, kuma a watan Nuwamba na wannan shekara aka bayyana sakamako: kwamitin bai samu wata hujja da ta tabbatar da cewa mutanen 'yan fashi ne ba, ko cewa sun yi musayar wuta. Aka dakatar da 'yan sanda 21 daga aiki, daga baya gwamnati ta ba kowane iyali sidi 250,000. Shekaru sun shuɗe iyalan suna tambayar ina aka kwana a maganar gurfanar da waɗanda suka yi harbin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wannan lamari shi ne sauƙin da aka samu wajen yarda da sanarwar farko. An ce 'yan fashi, an ce daga Zango, sai jama'a da yawa a ƙasar suka gyaɗa kai, kamar an gama bayani. Kalmar Zango ita kanta ta zama rabin shaida. Da a ce mutum bakwai ne daga wata unguwar masu hali aka harbe a rana ɗaya, da tun kafin gari ya waye 'yan jarida da lauyoyi sun fara tambayar ina bindigogin da aka ce sun harba, wa ya gani, wane likita ya duba gawa. A nan kuwa sai da unguwa ta kusa kamawa da wuta kafin a yi waɗannan tambayoyi. Darasin da yaro ɗan shekara goma sha biyar ya ɗauka a ranar, yana tsaye bakin titi yana kallo, shi ne cewa ba a sauraren irinsa sai ya ƙona taya. Wannan mummunan darasi ne ƙwarai, kuma hukuma ce ta koyar da shi.

Shekara uku bayan haka sai ga Ejura. A ƙarshen watan Yuni na 2021 aka kai wa Ibrahim Mohammed, wanda aka fi sani da Kaaka, hari da dare a kusa da gidansa, ya rasu a asibiti a Kumasi ranar 28 ga wata. Mutum ne da ya yi suna wajen ɗaukar hotunan matsalolin garinsa yana sawa a Facebook. Washegari, bayan an dawo daga jana'iza, matasa suka yi zanga-zanga, soja suka buɗe wuta, mutum biyu suka mutu, wasu suka ji rauni, kuma ƙasa duka ta gani a talabijin. Ministan jihar Ashanti na lokacin ya shaida wa kwamitin Mai Shari'a George Kingsley Koomson cewa shi ya nemi a turo sojan. Kwamitin ya karkata ga cewa kisan Kaaka ya fi kama da rikicin cikin gida, ya ba da shawarar a biya diyya ga waɗanda aka harba, a kuma sauya wa shugaban 'yan sandan garin wurin aiki. Da yawa a Ejura ba su karɓi bayanin kwamitin a kan kisan ba. Ni ba zan yanke hukunci a kan wanda ya kashe shi ba, wannan aikin kotu ne. Abin lura a wurina shi ne, an kai matsayin da ko gaskiya hukuma ta faɗa, ba a yarda da ita. Wanda aka taɓa yi wa ƙarya a kan gawa bakwai, da me za a lallashe shi a kan ta takwas?

Akwai wani abin mamaki a tarihi da ɗalibai ya kamata su sani. Rundunar da Turawan Ingila suka fara dogara da ita a wannan gaɓar teku, Hausawa ne. Kyaftin John Glover ya tara su a Legas a shekarun 1860, ya zo da su yaƙin da aka yi da Asante a 1873 zuwa 1874, kuma daga irin waɗannan dakaru aka gina 'yan sanda masu ɗauke da makamai na Gold Coast. Hausa ta daɗe tana yaren bariki. Wato akwai zamanin da mai kaki shi ne Bahaushe ko ɗan arewa, mai jin tsoronsa kuwa shi ne ɗan ƙasar kudu. Bature ya yi haka da gangan, domin baƙo ba ya jin nauyin dukan wanda ba danginsa ba. Wannan ita ce ɗabi'ar da aka haifi aikin da ita: a kare mai mulki daga jama'a. An samu 'yancin kai a 1957, an sauya tuta, amma tarbiyyar bariki ba ta sauya da sauri haka ba. Sannan a 1969 gwamnatin Busia ta fitar da dokar korar baƙi marasa takarda, aka kwashi dubban mutane daga Zangon Kumasi da Accra da sauran garuruwa, har da waɗanda a nan aka haife su. Tun daga lokacin, tambayar "kai ɗan ina ne?" daga bakin jami'i tana da wani nauyi na daban a kunnen ɗan Zango. Musulmi kusan kashi 20 cikin ɗari ne na mutanen Ghana bisa ƙidayar 2021, amma har yau akwai wanda kakansa a Kumasi aka binne shi, shi kuma yana shan tambayoyi a kan sunansa kafin a ba shi katin ɗan ƙasa.

Ya 'yan'uwa, wannan matsala ba baƙuwa ba ce ga wanda ya yi karatun tafsiri. Malamai sun kawo sababin saukar ayoyin Suratun Nisa'i daga ta 105 zuwa gaba. Wani mutum daga gidan Banu Ubairiƙ a Madina ya saci sulke, da ya ga asiri zai tonu sai aka jingina satar ga wani, wanda a riwayar masu tafsiri da yawa Bayahude ne. Dangin ɓarawon suka zo gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suna neman ya wanke ɗan'uwansu a bainar jama'a. Ku duba yanayin da kyau: mai laifin yana cikin masu rinjaye, yana da dangi masu baki, wanda aka ɗora wa laifin kuwa daga 'yan tsiraru yake, kuma daga mutanen da ake da saɓani da su. Sai wahayi ya sauka ya hana a tsaya wa maha'inta, ya bayyana girman zunubin wanda ya aikata laifi sannan ya jefa shi kan marar laifi. Muna karanta waɗannan ayoyi a tafsirin azumi kowace shekara. A Ghana mu ne a matsayin wanda aka jingina wa sulken, don haka muna jin daɗinsu. Amma ayoyin ba su sauka don su faranta wa wani ɓangare ba, kuma zan dawo kan wannan.

Harbi shi ne abin da jarida take ɗauka. Abin da yake cinye yarda a hankali kuwa ƙananan abubuwa ne na kullum, waɗanda ba wanda yake kafa musu kwamiti. A zo unguwa da asuba a kwashi duk saurayin da aka gani a majalisar shayi. Uwa ta sayar da zannuwanta ta kai kuɗin beli, alhali belin 'yan sanda kyauta ne a doka. Direban babur ya san nawa zai miƙa a kowane shinge. Binciken da hukumar ƙididdiga ta Ghana ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, wanda aka fitar a 2022, ya nuna cewa fiye da rabin mutanen da suka yi hulɗa da ɗan sanda sun ba da cin hanci ko an nema a wurinsu, kuma 'yan sanda ne a kan gaba cikin dukkan ma'aikatan gwamnati. Wannan ya shafi kowa a ƙasar, ba Zango kaɗai ba. Bambancin shi ne mai hali yana biya ya wuce, ko ya kira wani babba a waya, talaka kuwa yana kwana a ciki. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a littafinsa Kitabul Farƙ, ya lissafa karɓar gaisuwa da cin dukiyar talakawa a wurin hukunci cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa da su. Sunan abin ne kawai ya sauya.

Abin takaici shi ne, dokar Ghana a rubuce ta ba wanda aka kama haƙƙoƙi masu yawa, amma mutanenmu ba su san su ba. Kundin tsarin mulki na 1992, a sashe na 14, ya wajabta a gaya wa wanda aka kama dalilin kama shi nan take, cikin yaren da yake ji, a kuma sanar da shi cewa yana da damar ɗaukar lauya. Ya wajabta a kai shi gaban kotu cikin awa 48 ko a sake shi. Da can 'yan sanda sukan kama mutum ranar Juma'a da yamma su ce sai Litinin, amma a 2019 Kotun Ƙoli, a ƙarar da lauya Martin Kpebu ya shigar, ta yanke cewa awa 48 ɗin sun haɗa da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Shi dai wannan lauya ne ya sa kotun a 2016 ta soke dokar da ta ce akwai laifukan da ba a ba da beli a kansu ko kaɗan. Sashe na 19 ya ce wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar, kuma idan ba ya jin yaren kotu a ba shi tafinta kyauta.

Akwai ɗaya da nake so kowane ɗalibi ya riƙe da kyau, domin a nan ake halaka mutanenmu. Dokar shaida ta 1975, sashe na 120, ta ce idan wanda yake tsare ya amsa laifi, ba a karɓar wannan amsawa a kotu sai an yi ta gaban wani shaida mai zaman kansa, wanda yake jin yaren mai maganar, kuma yake iya karanta abin da aka rubuta. Yanzu ku ɗauki saurayin da karatunsa na allo ne da makarantar Islamiyya, yana jin Hausa da Twi, Turancinsa na kasuwa ne. An rubuta bayani da Turanci, an ce ya dangwala yatsa ya tafi gida. Ya dangwala. Bayan wata shida a gidan yari sai ya ji ana karanta wa alƙali abin da bai taɓa faɗa ba. Malaman fiƙihu tun da daɗewa sun tattauna iƙirarin wanda aka tilasta, kuma mafi yawansu ba su ɗauke shi hujja ba. Alƙali Abu Yusuf, a Kitabul Kharaj da ya rubuta wa Haruna Rashid, ya ja kunne a kan dukan mutane bisa zato kawai, ya nemi a ciyar da fursunoni daga baitulmali, a riƙa duba shari'arsu da sauri don kada gidan yari ya cika da waɗanda aka manta. Matsalar waɗanda aka manta ita ce ta sa Ghana ta ƙirƙiro shiri na musamman a 2007, inda alƙalai suke shiga gidajen yari irin na Nsawam su zauna su saurari masu jiran shari'a, kuma an sha samun waɗanda suka shafe shekaru ba a yanke musu hukunci ba.

To, mene ne maganin? Wasu suna cewa a ɗauki 'ya'yan Zango da yawa aikin ɗan sanda. Wannan yana da amfani, kuma akwai inda aka gwada. A Ailan ta Arewa, 'yan Katolika sun fi kashi 40 na jama'a amma kusan kashi 8 ne kawai na 'yan sanda, kuma unguwanninsu suna kallon rundunar a matsayin ta abokan gaba. Bayan rahoton Chris Patten na 1999 aka sauya wa rundunar suna a 2001, aka riƙa ɗaukar rabi da rabi har 2011, lokacin da 'yan Katolika suka kai kusan kashi 30. Amma ba ɗaukar ma'aikata kaɗai suka yi ba. Sun kafa ofishi mai zaman kansa, ba ɗan sanda ke shugabantarsa ba, wanda yake binciken duk ƙarar da aka kai a kan jami'i. A ganina wannan na biyun ya fi na farko nauyi. Tarihin dakarun Glover ya isa ya nuna mana cewa sa wa Bahaushe kaki ba ya sauya tarbiyyar bariki.

A Ghana, idan ɗan sanda ya zalunce ka, ofishin da za ka fara kai kuka sashe ne na cikin rundunar kanta. Akwai hukumar kare haƙƙin ɗan Adam da aka kafa a 1993, kuma tana ƙoƙari, sai dai ayyukanta sun yi mata yawa. Ƙungiyoyi sun daɗe suna kiran a kafa hukuma ta musamman mai zaman kanta, irin wadda Kenya ta yi wa doka a 2011. Kwamitin da ake kafawa bayan jini ya zuba ba ya maye gurbin wannan, domin ba a kafa shi sai an yi tarzoma, ba shi da ikon gurfanar da kowa, kuma da ya miƙa rahoto ya watse. Wanda ya karanta Ahkamus Sulɗaniyya na Mawardi ya san babin Mazalim, wato kotun da aka ware don sauraren ƙarar talakawa a kan gwamnoni da jami'ai, saboda an fahimci cewa alƙalin gari yakan ji nauyin mai iko. Musulmi bai kamata ya ji wannan shawara kamar baƙon abu daga Turai ba.

Yanzu in dawo kan ayoyin Banu Ubairiƙ, domin laifi tudu ne, kowa ya taka nasa sai ya hango na wani. Laifin dangin nan shi ne sun san ɗansu ne ya yi, suka rufe, suka zo da murya ɗaya. Mu faɗa wa kanmu gaskiya: sau nawa muka san gidan da ake sayar da ƙwaya a unguwa, muka yi shiru saboda ɗan wane ne? Sau nawa aka kama yaro da hujja a hannu, sai dattawa suka sa manyan riguna suka tafi roƙon a kashe magana? Duk lokacin da muka yi haka, muna ƙarfafa jami'in da yake cewa Zango maɓoyar ɓarayi ce, kuma muna rage darajar shaidarmu a ranar da za mu ce wannan yaron ba ɗan fashi ba ne. Shaidar mutanen Asawase a 2018 ta yi tasiri ne domin gaskiya ce. Irin wannan shaida jari ce, ba a kashe ta a kan kowane mai laifi.

Haka nan maganar 'yan siyasa da suke zuwa Zango neman majiya ƙarfi idan zaɓe ya matso. Bayan rikicin zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a Janairun 2019, majalisa ta yi dokar da ta haramta ƙungiyoyin 'yan banga na jam'iyyu, da hukuncin ɗauri mai tsawo. Wanda zai shiga gidan yarin ɗanmu ne, wanda ya aike shi yana gidansa: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai kuma dukan ɓarawo a kasuwa har ya mutu, wanda wasu suke ɗauka jarumtaka ce. Ba mu da bakin zargin ɗan sanda da kisa ba tare da shari'a ba idan mu ma muna yi. Kisan da aka yi wa Manjo Maxwell Mahama a Denkyira Obuasi a 2017, bisa zaton ɗan fashi ne, ya nuna wa ƙasa duka inda wannan hanya take kaiwa.

Akwai kuma waɗanda suke ƙasa da mu a wannan tsani, wato Fulani makiyaya. A yankuna irin su Agogo an yi shekaru ana rikici tsakaninsu da manoma, an yi asarar rayuka ta kowane ɓangare, kuma manoma suna da kuka na gaskiya. Amma yadda ake cewa "Bafulatani ne" a rufe bincike, daidai yake da yadda aka ce "ɗan Zango ne" a 2018. Na sha jin mutanenmu, a bakin masallaci, suna maimaita wannan magana ba tare da sun ji komai ba. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana ƙin wasu mutane ya kai mu ga barin adalci, kuma ba ta ware makiyayi ba.

Ba na mantawa cewa ɗan sanda shi ma ɗan wani ne. Albashinsa kaɗan ne, masaukinsa a bariki abin tausayi ne, kuma ana kashe su a hanya, kamar wanda aka kashe kafin abin da ya faru a Manso Nkwanta. A cikinsu akwai masu tsoron Allah, Musulmi da Kirista. Hukuma mai binciken gaskiya tana kare irin waɗannan, domin ita ce za ta raba su da masu ɓata musu suna.

Abin da masallatai za su iya farawa da shi ba ya bukatar izinin kowa. Kowane babban masallacin Juma'a yana da ɗalibai masu jin Turanci da Hausa da Twi. A zaɓi biyu ko uku masu natsuwa, a nemi wani lauya cikin 'ya'yan unguwa ya koya musu sashe na 14 da na 19 da maganar shaida mai zaman kansa, a sa lambar wayarsu a allon sanarwa, ta yadda duk wanda aka kama wa ɗa zai samu mai raka shi ofis, a rubuta ranar kamu da sa'a da sunan jami'i. Idan babu kuɗin lauya, akwai hukumar ba da taimakon shari'a ta gwamnati, a san ofishinta na jiha. Sarakunan Zango da limamai kuwa, idan sun je gaishe da minista, su tafi da tambayoyi biyu a rubuce: ina aka tsaya a kan fayil ɗin jami'ai 21 na Manso Nkwanta, kuma yaushe za a kai wa majalisa ƙudurin kafa hukumar sauraren ƙara a kan 'yan sanda, mai ikon bincike da kanta.